Hanyar Ɗambatta da likitan da ya bi sawun sanƙarau

Duk wanda ya bar Kano ya wuce Dawanau ya nufi Ɗambatta, ba zai ga daji ba. Gona ce manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsakiyar gonaki. Shekara da shekaru ana noma ƙasar nan ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. Mu mun bi hanyar ne a watan Afrilu, gonakin fayau, zafi kamar ya dafa ƙwai.

Wannan lokaci shi ne na sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna cunkushe a ɗaki, sai ƙwayar cutar ta samu hanya daga numfashin wani zuwa na wani. Da ruwan farko ya sauka sai ta lafa, sauro ya karɓi aiki. Wato manomin Ɗambatta ko Makoɗa da bazara yana tsoron sanƙarewar wuya, da damina yana tsoron zazzaɓi.

Akwai mutum guda da ya kwashe rayuwarsa a kan cututtukan nan biyu, kuma da wuya ka ji sunansa a kasuwar ƙauye. Shi ne Brian Greenwood, likita ɗan Ingila, haifaffen 1938. Ya zo Ibadan a 1965, daga baya ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi kusan shekara goma, daga 1970 zuwa 1980. Fanninsa ilimin garkuwar jiki ne, wato nazarin yadda sojojin jiki ke gane ƙwayar cuta su yaƙe ta.

Binciken da ya fi burge mu shi ne wanda shi da abokin aikinsa Williamson suka wallafa a mujallar Lancet a 1978. Sun yi wa yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kama allurar rigakafin sanƙarau da ta taifot, wasu nan take, wasu bayan mako guda, wasu bayan wata guda. Sai suka auna jininsu. Yaran da aka yi wa allurar suna cikin zazzaɓi, jikinsu bai haɗa isassun sojoji ba. A ɓangaren sanƙarau kuwa, har bayan wata guda raunin bai gushe ba. Ku tsaya ku duba wannan da kyau, ƙannenmu: allura ba ita ke yaƙin da kanta ba, jiki take koya wa yaƙi, kuma ɗalibin da zazzaɓi ya galabaitar ba ya ɗaukar karatu. Ashe cutar damina tana raunana aikin allurar rigakafin cutar bazara.

A 1980 ya tafi Gambiya. A can ne tawagarsa ta nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara. Yana kuma cikin waɗanda bincikensu ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, a 2012, a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin zazzaɓi wata-wata duk damina, tun ba su kamu ba. Matan nan da ke shiga gida-gida da ƙwayoyin magani idan gero ya fara tashi, daga irin wannan aiki suka samo asali.

Kada wani ya ɗauka fagen na Turawa ne kaɗai. A annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, Farfesa Idris Mohammed, ɗan Arewa masanin garkuwar jiki, shi ya jagoranci kwamitin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da ita. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya kai ga kotu. Don haka idan wani dattijo ya ɗaure fuska da ya ga mai allura, ba mu ga dalilin yi masa dariya ba. Bayani yake buƙata, daga bakin wanda ya san harshensa, ya kuma san ilimin.

Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso a 2010 ta iso jihohin Arewa daga 2011, ta kusa shafe nau'in A na sanƙarau. Greenwood na cikin masanan da suka auna tasirinta a Chadi, inda cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100. Amma nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, sai a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar.

Da muka isa Ɗambatta hadari ya ɗan haɗo ta gabas, manoma na ta kai taki gona a kan jakuna da amalanke.