Hoton kyauta da ya sa aka doki yaro

Yau labarin gidanmu zan ba ku. Na san Bahaushe bai son tonon asirin gida, amma na nemi izinin mai abin, ya ce in faɗa, ko Allah ya sa wani ya tsira.

Ina da kawu a Madarumfa, masunci ne, tun yana saurayi yake kamun kifi a tabkin garin. Bai yi lakkol ba, sai karatun allo, kuma ba ya wuce kaburburan waliyyan da ke kewaye da tabki bai yi musu addu'a ba. Babban ɗansa da ya tafi bida ya aiko masa da salula irin mai shafawa, da ita yake kiran dillalan kifi na Maraɗi. Wata ranar kasuwa ya kai ta wurin masu turi domin a sa masa karatun Alƙur'ani da wa'azi. Da aka gama sai mai turin ya yi masa gyara: hoton Ka'aba da fitilu suna kewayawa, wanda ke rufe fuskar salula duk sa'ad da aka aje ta. Ya ce: "Baba, wannan kyauta ne." Kawu ya yi murna, ya sa masa albarka.

Ba a yi sati biyu ba sai abubuwa suka soma canzawa. Ya sa kiredin jika guda da dare, da safe abin da ya rage bai kai dala ashirin ba. Batiri ya riƙa zafi yana ƙarewa kafin azahar. Abin da ya fi muni ya auku a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ga dattawa zaune, har da liman. Kawu ya fiddo salula domin ya nuna musu hoton, sai ga tallar caca da mata tsirara ta cika fuska, ya danna nan ya danna can, ta ƙi ɓacewa.

To, mutum ɗaya ne ke taɓa salular ban da shi, wato autansa ɗan shekara 13, wanda ke karanta masa saƙonni yana kuma kai ta wurin caji. A daren nan yaron ya sha bulala. Ya rantse, ya ce ai ya sha faɗin wasu saƙonnin Faransanci na shigowa da maganar kuɗi, amma ba wanda ya saurare shi.

Kwana uku bayan haka na zo daga Maraɗi gaisuwa. Kawu ya miƙo mini salular ya ce: "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini abin da ƙanenka ya ɓata." Na shiga jerin manhajojin da ke ciki, na tarar da wata ba suna ba tambari, alhali kuwa ita ta cinye mafi yawan megan da ya saya. An ba ta izinin karanta saƙonni da na hawa kan sauran manhajoji. Ranar da aka girka ta ita ce ranar kasuwar nan. Tare da hoton Ka'aba ta shigo.

Ga yadda abin yake. Hoto shi kaɗai ba ya cin kuɗin kowa. Amma hoton da ke motsi sau da yawa manhaja ce sukutum, kuma cikinta ake ɓoye wata ta talla. Masu ita ana biyansu a kan kowace talla da ta bayyana ko aka danna, don haka take jawo tallace-tallace dare da rana da megan mai salula, wani lokaci ma ta danna da kanta yana barci. Akwai masu ƙarin mugunta, waɗanda ke shigar da mutum rajistar wani abu na biya, su karanta lambar tabbatarwa da aka aiko ta saƙo, su amsa a madadinsa, a riƙa yankar kiredinsa kullum.

Wannan dabara ta girmi salular Kawu. A zamanin kwamfuta an yi wani kamfani a Amurka mai suna Zango, sunan dai irin namu, amma ba ruwansa da fatake. Manhajarsa ta talla ana cusa ta cikin wasanni da hotunan rufe fuskar kwamfuta na kyauta, har aka girka ta fiye da sau miliyan 70. A shekarar 2006 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa ya biya dala miliyan 3 na Amurka, a 2009 kuma ya rufe. Da salula ta yawaita sai sana'ar ta koma can. A farkon 2020 kamfanin Google ya bayyana cewa ya fitar da manhajoji wajen 1,700 daga kasuwarsa saboda wata cuta da ake kira Joker, mai satar kuɗi ta hanyar rajistar ɓoye. In har kasuwar da ke da masu gadi an kutsa mata haka, ina ga abin da ake turawa daga salula zuwa salula a bakin tasha?

Ƙasarmu ta yi dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, amma masuncin Madarumfa wa zai kai ƙara, alhali ɓarawon ba a san ƙasar da yake ba? Tsaron farko yana hannunmu. Kar a yarda mai turi ya girka abin da ba a nema ba. In hoto ya nemi izinin karanta saƙo ko ganin lambobin mutane, a tambayi kai me ya haɗa hoto da saƙo. In kiredi ya soma zurarewa, a duba salula kafin a dubi yaro.

Da na ce zan goge abin, Kawu ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗakin Allah za ka goge?" Na ce: "Kawu, ku yi haƙuri, ɓarawo ne ya laɓe bayan Ɗakin." Muka je wurin wani maƙwabci da ya sauke farali, ya turo mana hoton da ya ɗauka da hannunsa a Makka, na sa shi a fuskar salula. Ba ya motsi, ba fitilu, kiredi kuma ya daina ɓata.

Kawu ya jima shiru, sa'an nan ya ce shekara arba'in yana sa wa kifi tana a bakin ƙugiya, bai taɓa zaton shi ma za a sa masa ba. Ya aika a kirawo auta. Ban taɓa ganin dattijon nan ya nemi gafarar na ƙasa da shi ba sai ran nan, kuma a gaban dattawan da aka yi abin a idonsu ya yi, domin sunan yaron a wurinsu ya ɓaci. Yaron bai ce kome ba, hawaye dai yake sharewa. Kuɗin da suka tafi ba su kai jika biyar ba, Kawu ya manta da su. Bulalar ce har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai.

Allah shi kiyaye mu da kyautar da ba mu san mai ita ba, amin.