Mai Shela Dabam, Rumbu Dabam

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana akawuna da malamai wani abu da ya same ni, da shawarar da ta fito daga cikinsa. Watakila wani ya tsira daga kunyar da na sha.

Ni mutumin ƙasar Yawuri ne, aikina akawu. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ruwa ne hanyarmu. Tun da aka fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Kwara ta kumbura ta zama tafki mai tsawon wajen kilomita 130, aka ta da mutum kamar 44,000 daga gungu-gungu da garuruwan gaɓa aka sake musu matsuguni. Gonaki da itatuwa suka nutse, amma kututturansu suna nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya da bazara sai su matso kusa da cikin jirgi. A cikin watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Bayan wannan masifa sai mu 'yan garinmu, na gida da na Legas da Kaduna da Sakkwato, muka ce a haɗa gudummawa a saya wa matuƙanmu rigunan ceto, a kuma gyara wurin da jirage ke tsayawa. Aka naɗa ni magatakarda. Muka buɗe zaure a cikin waya, kowa ya aiko da kuɗi sai ya turo hoton rasit, ni kuwa in amsa da godiya. A makarantar mishan da na yi an hore mu da cewa kowane kwabo a shigar da shi littafi ran da ya zo, amma sai na yi sakaci, na ce ai komai yana cikin waya. Ran nan ina ƙetarewa zuwa kasuwa, na sunkuya zan taimaki wata tsohuwa da buhun albasarta, sai wayar ta zame daga aljihu ta faɗa ruwa. Ban taɓa ajiye kwafin abin da ke cikinta ba.

Da ranar taro ta zo, wani dattijo, ƙanen mahaifina, ya dube ni ya ce, “Ɗana, ba mu ce ka ci ba. Amma nuna mana.” Na rasa abin nunawa. Sai da na yi wata biyu ina bin mutane ɗaya ɗaya, ina roƙon su duba wayoyinsu, kafin lissafi ya daidaita. Wasu sun share nasu, wasu sun sake waya. A cikin wannan lokaci gudummawa ta tsaya cik, gama ba mai zuba hatsi a buhun da ya ji an ce yana yoyo. Laifin nan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Abin ya tuna mini da labarin Bature Mungo Park, wanda ya wuce ta Yawuri a 1806 ya halaka a Bussa. Littafin da ya rubuta na ƙarshen tafiyarsa ya ɓata tare da shi. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har wurin Sarkin Yawuri suna neman takardun, ba su samu ba. Kwara ba ta mayar da takarda, ashe waya ma haka.

To, da muka sake zama, matasa suka ce a buɗe shafi a Facebook kurum, ya isa. Ni kuwa na ce a'a, a gina wa ƙungiya shafinta na kanta a intanet, sa'an nan a haɗa shi da Facebook da WhatsApp. Dalilina shi ne, a kowane gari akwai mai shela, akwai kuma rumbu, aikinsu ba ɗaya ba ne. Mai shela ya kewaya gari da yamma, kowa ya ji, gobe maganar ta bi iska. Haka dandalin sada zumunta yake: abin da aka sa yau, jibi ya nutse ƙarƙashin hotunan biki da gardamar siyasa. Ga shi kuma rumfar ba tamu ba ce. Masu karatu za su tuna ran 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa 6 a duniya duka. Za su kuma tuna an rufe Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 har Janairu 2022. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma fa ban ce a bar dandalin ba, domin can jama'a suke, wanda ya gina rumbu a daji bai gaya wa kowa ba, gara ce za ta ci.

Ga yadda muka tsara, ko wani gari zai so ya gwada.

Na fari, kowace sanarwa a shafinmu ake fara rubuta ta, da kwanan wata da sunan muƙamin wanda ya ba da izini. Sa'an nan a aika da taƙaitaccen bayani zuwa Facebook da zauren WhatsApp, tare da mahaɗin da in an taɓa zai kai mutum ga cikakkiyar magana. A ƙarƙashin kowace sanarwa akwai ɗan maɓalli na turawa, don wanda ya karanta ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ta haka in wani ya canja magana a hanya, ana iya komawa tushe a gwada.

Na biyu, shafin mara nauyi ne. Yaron da ya gina mana ya so ya cika fuskar da manyan hotuna masu motsi, na kai shi bakin ruwa na ce ya buɗe da ƙaramar waya. Muka tsaya har muka gaji bai buɗe ba. Daga nan ya yarda rubutu ya zo gaba, hoto ya zama ƙarami, bidiyo kuwa a bar shi a Facebook, a sa mahaɗinsa kawai. Masunci ba zai ƙona datarsa don ya ga adonmu ba.

Na uku, kowace sanarwa tana da murya. Ƙasarmu ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Fulani, akwai kuma Sarkawa masu su, da yawansu ba su yi boko ba. Saboda haka ana karanta sanarwa da Hausa a naɗa, in an sami mai iyawa a ƙara da Gunganci ko Kambarci. Wani malamin allo yana rubuta mana muhimmai da ajami, mu ɗauki hoton takardar mu sa. Muryar nan ita ta fi komai yawo a WhatsApp.

Na huɗu, abin da ke ciki kashi uku ne: lissafin kuɗi, shiga da fita, da hoton rasit, da labarin aiki, inda aka kai da abin da ya rage, da gargaɗin ruwa. Mu nan ruwa biyu muke samu, farin ruwa na damina wanda ke cika wajen Satumba da Oktoba, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, wanda ba ya isowa sai da hunturu. Tsofaffin matuƙa sun san inda kututture ke fitowa a kowane lokaci, yaran da suka sayi inji jiya ba su sani ba. Ba ma sa gargaɗi sai Sarkin Ruwa ya ji ya amince. In hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ko HYPPADEC ta fitar da sanarwa, mukan sa ta yadda take.

Na biyar, akwai abin da ba ya shiga. Ba ma sa hoton gawa. Ba ma sa sunan mamaci sai danginsa sun ji daga bakin mutum. Ba ma sa lambar wayar kowa, ko ranar da ma'aji zai tafi banki, wanda kuma ya ba da kuɗi mai yawa ya ce a sakaya sunansa, sai a rubuta “wani bawan Allah”. Wanda ya ga abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yuni 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai, ya san ba masoyi kaɗai ke karanta abin da aka baza ba.

Na shida, shi ne wanda ya fi damuna: mabuɗi. An yi rajistar adireshin shafin da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuwa tana hannun mutum uku, da shugaba da ma'aji da ni, an kuma rubuta ta an rufe a ambulan a wurin dagaci. Shafin Facebook ma masu kula da shi uku ne. Adireshi da wurin ajiya haya ake biya kowace shekara, in an manta sai a wayi gari shafi ya ɓace, don haka muka ware kuɗinsa tun farkon shekara. Kowane ƙarshen wata ina buga lissafi a takarda, in liƙa ɗaya a zauren dagaci, in ajiye ɗaya a akwati. Maganganun da mutane suka yi a Facebook kuma nakan tattara masu ma'ana in karanta a taro, a amsa su a shafi.

Dattijon nan ya sake tambayata, “Ɗana, wannan abu naku zai hana jirgi nutsewa?” Na ce, “Baba, ba zai hana ba.” Abin da ke hanawa shi ne a rage lodi, a bar tafiyar dare, a sa rigar ceto, a gyara jirgin da ya tsufa. Amma rigar da kuɗi ake sayenta, kuɗi kuwa ba ya fitowa sai an yarda da mai riƙo. Ɗanmu da ke Legas yanzu yakan duba da idonsa ya ga inda nairarsa ta shiga, gani kuwa ya kori ji.

Saboda haka ina kira ga akawuna da malaman makaranta na Yelwa da Wara da Shanga da sauran garuruwan gaɓa, ku da jama'a ke ɗora wa riƙon littafi: kada ku bar amanar gari a aljihun mutum ɗaya, ko da kuwa aljihunku ne. Wanda ya riga mu yin irin wannan aiki, ina roƙonsa ya rubuto wa jaridar nan ya gyara mana inda muka kuskure.

Allah ya ja zamanin Sarkin Yawuri, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Yelwa.