MALANBIL: GARIN GADA DA TAKARDUN FATAUCI

Duk wanda ya taso daga Kwatano ya nufi arewa, ya wuce Dasa da Faraku da Kandi, ba abin da zai tare masa hanya sai ruwa, bayan ya ci kilomita 700 da ɗoriya. A bakin ruwan nan, wato kogin Kwara wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Isa, nan Malanbil take zaune tana kallon Gaya ta ƙetare. Sunan garin ba ruwansa da malam, ko da yake mun sha jin yaran zango suna fassara shi haka. Sunan wani gwamnan Dahome ne Bafaranshe, Henri Malan, aka laƙaba masa. Dandawa ne masu gari, ga kuma Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da mutanen kudu, amma in ka shiga kasuwa a ƙarshen mako, da Dandanci da Hausa za ka ji ana taya kaya ana sallamawa. Ana cewa in aka ɗauke Dantokpa ta Kwatano babu kasuwar da ta kai ta a ƙasar nan. Garin rogo da masara da doya da manja suna haurowa daga kudu, albasa da wake da kanwa da dabbobi suna gangarowa daga arewa.

Ba yau Bahaushe ya san wannan yanki ba. Tun kafin Bature, fataken goro daga Sakkwato da Jega sukan ƙetare kogin a wajajen Gaya da Illo, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. A zamanin nan ba a san sa hannu a takarda ba. Madugu ne ke shirya da sarakunan hanya a kan fito, maigidan da baƙo ya sauka wurinsa shi ke tsaya masa a kan bashi, dillali ya karɓi la'adarsa, shaidu biyu su ji, shi ke nan ciniki ya faɗa. Wanda ya ci amana kuwa, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba.

Abin da ya sauya garin shi ne gada, wadda aka gama a 1958. Layin dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Faraku tun 1936, kilomita 438, bai ƙara gaba ba. Saboda haka a 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN: jirgin ƙasa ya kawo kaya Faraku, manyan motoci su kwasa su haye gadar Malanbil zuwa Doso da Yamai da Maraɗi. Jirgin dai bai taɓa isowa bakin kogi ba. Ko layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, tsakanin 2014 da 2016, bai ƙaraso Gaya ba. Kamiyo ne ya gaje hanyar gaba ɗaya.

To jama'a masu karatu, bari mu bi kwantena ɗaya tak, mu ga hannu nawa take ratsawa, domin kuwa mu malaman lakwal mu ake kawo wa takardun nan na Faransanci mu karanta, kuma yawanci sai bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Da farko akwai ciniki tsakanin Alhaji da mai sayarwa a ƙasar Sin ko Dubai. A jikin takardar farashi za ka ga haruffa uku, waɗanda mutanenmu kan ɗauka ado ne. Ƙa'idoji ne da ake kira Incoterms, da ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai cibiya a Paris ta fara fitarwa a 1936, ta sabunta a 2020. In an rubuta FOB, mai sayarwa ya fita da zarar kaya sun hau jirgin ruwa a ƙasarsa. Kuɗin jirgi da inshora na mai saye ne. In an rubuta CIF Kwatano, mai sayarwa ya biya jirgi da inshora har tashar Kwatano, amma a nan ne da yawa ke ruɗewa: asarar da ta auku a teku har wa yau ta mai saye ce, sai dai ya bi kamfanin inshora. Kuma inshorar nan sau da yawa a tashar take ƙarewa. Daga Kwatano zuwa Yamai akwai sauran fiye da kilomita 1,000, ba wanda ya tsaya wa kayan in ba a sake shiri ba.

Na biyu shi ne kamfanin jirgi, mai ba da takardar da ake kira konesma. Wanda ke riƙe da ita ta asali shi ke da kaya. Kwantenar kanta kuwa aro ce. Kamfani yakan ba da wasu kwanaki kyauta, in sun cika sai kuɗin kwana ya fara hawa kullum, har ranar da aka mayar da ita fanko. Daga nan sai tiranzite, mai shiga duwan a madadin mai kaya ya ajiye jingina cewa kayan wucewa za su yi, ba a cikin Binin za a sauke su ba. Ba a sakin jinginar sai an shaida fitarsu a Malanbil. Sa'an nan mai mota. A tsohuwar yarjejeniyar ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku na kayan Nijar motocin Nijar ke ɗauka, kashi ɗaya na Binin, shi ya sa mai kaya ba kullum yake zaɓen direban da ya sani ba.

A kan mai mota muke son a tsaya a saurara da kyau. Binin da Nijar duka suna cikin OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don haɗa dokokin kasuwanci, kuma a 2003 ta yi doka a kan dakon kaya a mota. Dokar ta ce mai mota ne ke da alhakin kaya daga inda ya karɓa zuwa inda ya sauke. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sai dai ta sa iyaka: in kaya sun ɓata ko sun lalace, diyya ba ta wuce sefa 5,000 a kan kowane kilo. Ga mai shinkafa ko sukari wannan ya isa har da saura. Ga mai atamfa mai tsada ko wayoyin hannu kuwa, ko kusa. Maganinsa shi ne a rubuta ainihin darajar kayan a takardar dako tun kafin mota ta tashi, a ƙara wa mai mota wani abu a kan haka. Bugu da ƙari, ɓarnar da ido ke gani dole a kai kukanta a rubuce kafin ranar aiki ta gaba ta wuce, wadda ke ɓoye cikin kwana 7, ƙara kuma ba ta wuce shekara guda. Mutuminmu kuwa sai ya yi kawaici, ya ce bari a ga bayan Salla. Kawaici hali ne mai kyau, amma alƙalin kotun kasuwanci ranaku yake ƙirgawa.

A tuna kuma Nijeriya ba ta cikin OHADA, ga Kamba nan kusa. Kuɗin ma daban. Waɗanda suka ga ranar 12 ga Janairun 1994, da aka raba darajar sefa biyu cikin dare ɗaya, ba sa karɓar bashin da ba a faɗi da wane kuɗi za a biya ba, balle yadda naira ta riƙa zamewa a 2023 da 2024.

Duk wannan karatu ne a allo, sai a 2023 aka yi jarrabawa. Sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa takunkumi, gada ta rufe. Motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya mako bayan mako, direbobi da yaran mota suna girki a ƙarƙashin tirela, kayan da ba su jure zafi suna ruɓewa. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Binin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe da kwantenoni, haka aka shiga 2025. Kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja, kamar an dawo zamanin madugu.

Tambayar da aka yi ta kawo mana ita ce: wa zai biya? Wani bawan Allah da muka karanta wa takardunsa yana da kwantena biyu a layi. Mai mota ya ce ba laifinsa ba ne, hukuma ce ta rufe hanya, kuma gaskiyarsa, doka ba ta kama mutum a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Amma yana neman kuɗin zaman motarsa, alhali ba a taɓa yanka nawa ne a rana ba. Kamfanin jirgi na can yana lissafin kwanakin kwantenarsa, tiranzite na kukan jinginarsa. Mun duba takardun nan gaba da baya, ba layi ɗaya da ya faɗi abin da za a yi in iyaka ta rufe: ko a juya kaya zuwa wata hanya, ko a sauke a sito a Kandi, ko a raba asara. Alhali ba wannan ne karo na farko ba, Nijeriya ma ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Manya ba haka suke yi ba. Bututun man da kamfanin CNPC na Sin ya ja daga Agadem zuwa Seme, kusan kilomita 2,000, ta nan yankin ya ƙetare kogi. Ko da Binin ta hana lodi a Mayun 2024, cikin 'yan kwanaki Sinawa suka shiga tsakani, jirgin farko ya ɗauki mai a watan, domin akwai yarjejeniyar da gwamnatoci suka sa wa hannu, ga kuma kuɗi masu nauyi.

Ba muna raina amana ba ne. Har gobe ana loda wa mutum masara mota guda a Malanbil da kiran waya kawai, ya biya bayan kasuwa biyu, kuma a ganinmu wannan ya fi kotu sauri da arha muddin mai saye da mai sayarwa sun san maigida ɗaya. Kamfanin jirgi ne bai san maigidan kowa ba. Kuma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne gare mu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Da gada ta rufe, masu kwalekwale ne kakarsu ta yanke saƙa. A lokacin mun ga ana sauke buhuna daga mota, 'yan dako su kai bakin ruwa, a yi jinga buhu-buhu, a haye, wata mota ta karɓa a Gaya. Kaya sukan sauya hannu sau huɗu a tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda ba, ba rasit, ba inshora, in buhu ya jiƙe sai dai a yi wa juna jaje. Kotun duniya ta Hague, da ta yanke shari'ar tsibirin Lete a 2005, ta ce iyaka a kan gadar tana bin iyakar da ke cikin ruwa ne. Masu kwalekwalen da muka tambaya sun ce su dai inda sanda ta daina taɓa ƙasa, nan suke sanin sun kusa barin Binin.