Shekarar da Na Ƙi Rust

A shekarar 2016 wani matashi da muka ɗauka aiki, bai fi wata uku da gama bautar ƙasa ba, ya tsaya a bayan kujerata ya ce, "Yallaɓai, da za mu gwada Rust a wannan sashen kaɗai, ina ga da matsalar nan ta kau." Ko juyowa ban yi ba. Na ce ya je ya fara iya C tukuna.

Lokacin na shekara goma sha huɗu ina rubuta C. Aikinmu manhajar da ke cikin ƙananan na'urorin karɓar kuɗi ne, kuma matsalar da yake magana a kai ta hana ni barci kwana da kwanaki. Na'ura za ta yi kwana uku lafiya lau, sai ta daskare a hannun mai shago, kwastoma na tsaye da katinsa. A C, kai ke roƙon gurbi a memori da malloc, kai ke mayar da shi da free. Wani ɓangare na manhajarmu ya mayar da gurbin, wani ɓangaren kuma bai sani ba, ya ci gaba da rubutu a ciki. Kamar ɗan haya ne da ya mayar da mabuɗi, mai gida ya ba wani ɗakin, shi kuwa ya riƙe kwafi yana shiga yana ajiye kaya. Tun da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, yaren ya ɗauka mai rubutu ya san abin da yake yi. Da wannan amanar muke tinƙaho.

Rust kuwa bai fi shekara guda da fitowa a cikakkiyar siffarsa ba, a watan Mayun 2015, bayan Graydon Hoare ya faro shi Mozilla ta ɗauki nauyinsa. Dokarsa ita ce kowane abu a memori mai shi ɗaya ne. Ana iya ara wa mutane da yawa su duba, ko a ara wa mutum ɗaya ya canza, amma ba a haɗa biyun a lokaci guda, kuma aro ba ya wuce ran mai kaya. In ka saɓa, kwamfaila ba za ta haɗa maka manhajar ba sam.

Abin da yaron bai sani ba shi ne na gwada a gida, cikin dare. Na so in rubuta jerin nan da kowane ɗa ke riƙe da na gabansa da na bayansa, abin da nake yi a C ido rufe. Kwamfaila ta ƙi. Na juya ta nan, ta ƙi. Na juya ta can, jan rubutu ya sake cika allo. Har man janareta ya ƙare ban haɗa layi talatin ba. Na zauna cikin duhu zuciyata na tafasa.

Washegari na zo da hujjoji, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Muna da tsohon aiki mai ɗimbin yawa a C. Masu ƙera na'urar da C suka ba mu kayan aikinsu. In yaron ya tafi, wa za mu samu a garin nan ya gyara abin da ya rubuta? Ga wa'adi a wuya, ga Rust da jinkirin haɗawa a kan tsofaffin kwamfutocinmu. Hujja ɗaya ce na ɓoye. A ofishin nan, in na'ura ta daskare ni ake kira. Darajata duk tana cikin iya riƙe lissafin memori a ka, ga kuma yaren da ya zo zai karɓe wannan aikin, ya mayar da ni ɗan koyo a gaban yaron da ya riga ni farawa. Wannan ne ya yi mini ciwo.

Akwai maganar da muke yawan yi wa juna: wanda ya iya C ba ya irin wannan kuskuren. Ina faɗar ta alhali na ga Heartbleed a 2014, inda rashin duba tsawon saƙo a OpenSSL ya sa ana iya kwashe har kilobait 64 na sirrin uwar garke a kowane bugu, kuma ƙwararre ne ya rubuta, ƙwararre ya duba. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da take toshewa daga memori suke. Masu Chrome suka faɗi kusan haka a 2020. In su da ke ɗaukar gwanayen duniya ba su tsira ba, ina ga ni?

Da aka shigar da Rust cikin Linux a ƙarshen 2022, na bi rigimar da ta biyo baya sau da ƙafa, har Wedson Almeida Filho, ɗaya daga cikin masu kula da sashen Rust ɗin, ya ajiye aikin a 2024 don gajiya da jayayyar da ba ta fasaha ba. Na ji muryata a bakin wasu tsofaffin. Tambayarsu kuwa tana da nauyi: in na canza nawa na C, na Rust ya karye, wa zai gyara? Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da sashe yana da haƙƙin a ba shi amsa. Sai dai Google ta nuna hanya a Android, inda ba ta rushe tsohon gini ba, sabon aiki kawai ta karkatar zuwa yarukan da ke tsare memori, kason irin waɗannan ramuka ya sauko daga 76 cikin ɗari a 2019 zuwa 24 a 2024. Abin da yaron ya nema ke nan tun farko. Sashe ɗaya ya ce.

Bai cika shekara biyu da mu ba ya tafi. A 2021 na zauna koyon yaren da gaske, na sake makalewa a kan jerin nan. Na kira shi. Ya ce, "Yallaɓai, zuba su a jaka ɗaya, kowane ya riƙe lambar maƙwabcinsa." Muka yi kusan awa guda a waya, bai tuna mini da komai ba, kuma kafin sallar isha'i abin ya haɗu.