Kunyar da Ke Ɓoye Ciwo



'Yan'uwana matasa, yau ina so mu yi tunani a kan ciwon dajin mama, domin shi ne dajin da ya fi kama mata a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano shi a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma ya yi ajalin kusan 670,000. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yawancin matanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki.

Gwaggota, Allah Ya jiƙanta, ta ji ƙullutu a mamanta, ba ya zafi, sai ta ja bakinta ta yi shiru fiye da shekara. Kunya ta hana ta faɗa, ga kuma maganar da ta riƙa ji cewa daji ba ya son ƙarfe. Ranar da aka kai ta gun likita ciwon ya riga ya kai ƙashi.

Kunya tana daga cikin imani, amma malaman fiƙihu sun halatta wa mace ta nuna wa likita wurin da lalura take. A fara neman likita mace, in ba a samu ba namiji amintacce ya duba. Imam Bukhari ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira (RA) da ke nuna kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta. Ashe neman magani ba ya warware tawakkali.

'Yar'uwa, kowane wata, kwanaki kaɗan bayan wankan haila, ki shafa mamanki da hammatarki. In kin ji ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ki garzaya asibiti. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma hoto da gwajin ɗan tsokar da aka ciro ne kaɗai za su tabbatar. In an gano shi da wuri, tiyata da allurai da gashi suna warkar da mata da yawa da yardar Allah. Shayarwa, wadda Suratul Baƙara ta ambaci cikarta shekara 2, tana rage haɗarinsa, haka ma motsa jiki da guje wa ƙiba.

Kai kuma ɗan'uwa, mahaifiyarka ba ta shiga intanet, kai ne za ka isar mata ta bakin yayarka ko matarka. In aka cire wa matarka mama, a lokacin ne ta fi buƙatar ka tsaya mata.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Amin.