Kuskure Mai Nahawu

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, ɗiyar ƙanwata ta shigo gidana a Rafin Daɗi da littafin rubutunta a ƙarƙashin hijabi. Sau biyu tana zana jarrabawar kammala sakandare, sau biyun kuma Turanci ne ya kayar da ita, alhali ta ci lissafi da darussan kimiyya. Burinta ta karanci aikin ungozoma, kuma babu makarantar da za ta karɓe ta ba tare da kiredit a Turanci ba. Mahaifinta ya riga ya yanke cewa wannan karon ne na ƙarshe, in ta sake faɗuwa sai a shiga maganar aure. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, an ce kai malamin harshe ne. Don Allah ka duba mini, ni dai na rasa inda nake kuskurewa."

Na so in ce mata Hausa nake nazari, ba Turanci ba, amma kunya ta hana ni. Na buɗe littafin, na tarar da jan biro ya cika kowane shafi. A wani wuri ta rubuta "My father he went", a wani "The car she stopped", a wani kuma "I drink medicine". Malaminta ya soke su duka, bai rubuta ko kalma ɗaya ta bayani ba. Da na ci gaba da karantawa sai na lura da abin da ya kamata a ce na lura da shi tun shekaru da dama: kusan babu kuskure ɗaya a littafin da ba shi da madogara a nahawun Hausa. Yarinyar ba shirme take yi ba. Jumlolin Hausa ne lafiyayyu take sanya wa tufafin Turanci.

Duk wanda ya koyar da ginin jumlar Hausa ya san cewa suna ba ya isa aikatau kai tsaye sai ta hannun lamiri. Muna cewa "Baba ya tafi", kuma wannan "ya" ɗin shi ne yake ɗauke da jinsi da adadi da lokaci, aikatau kuwa yana nan yadda yake ko da mun ce "zai tafi" ko "yakan tafi". Turanci ya ɗora nauyin lokaci a kan aikatau, shi ya sa kalma ɗaya take rikiɗa daga "go" zuwa "went" zuwa "gone". Ɗalibar da ba a taɓa gaya mata wannan bambanci ba, tilas ta nemar wa "ya" gurbi, kuma tilas ta ga rikiɗar aikatau tamkar mugunta ce aka shirya mata. Haka nan mota mace ce a Hausa, don haka "ta tsaya", kuma "sha" ɗaya ne yake ɗaukar ruwa da magani da taba da wahala, inda Turanci yake neman aikatau daban ga kowanne.

Daren nan na tuna makarantar firamaren da na yi a cikin birni. Muna rera "this is a table" da ƙarfi har ana jin mu daga bakin titi, ba mu san aikin da "is" ko "a" suke yi a jumlar ba. Wanda aka ji ya yi Hausa a aji sai monita ya rubuta sunansa, bulala ta biyo baya. Mu da muka tashi muna cewa "hwara" da "tahi" a gida, sai ga shi ana so mu rarrabe "f" da "p" da "v" cikin mako guda, ba wanda ya nuna mana inda leɓe da haƙori suke haɗuwa. Waɗanda suka tsira daga cikinmu da kunne suka tsira, sauran kuwa suka tafi da yaƙinin cewa kansu ne ba ya ja.

Abin ya fi ciwo a Katsina, domin garin nan yana da tarihin koyar da Turanci da ake alfahari da shi. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kuma an san ɗalibanta da tsabtar lafazi. Duk sa'ad da na wuce tsohon ginin nan na ƙasa nakan tuna cewa waɗancan ɗalibai ƙalilan ne, zaɓaɓɓu daga larduna, suna kwana a makaranta, suna jin harshen daga bakin masu shi shekara da shekaru. A irin wannan hali nutsar da ɗalibi cikin Turanci zalla yana aiki. Mu kuwa mun gaji tsarin, ba mu gaji halin ba. Ɗiyar ƙanwata tana jin Turanci minti arba'in a cunkusasshen aji, sauran yinin duk da Hausa take rayuwa.

Mafita ta zo mini daga inda ban zata ba. Ina da wani amini, likita, wanda ya yi karatu a Sofiya, babban birnin Bulgeriya. Da na kai masa kukana sai ya ɗauko wani tsohon littafi da ya dawo da shi, na koyar da Turanci ga 'yan ƙasar masu farawa. Misalai kaɗai ne da Turanci, bayanin duk da harshensu aka yi shi, cikin haruffansu irin na Rashanci. Ya buɗe mini darasin "the", ya fassara. Ashe su ma a ƙeyar suna suke liƙa abin da yake nuna sananne: littafi "kniga" ne, littafin kuwa "knigata". Marubucin ya fara da abin da ɗalibi ya riga ya sani, sa'an nan ya ce masa Bature a gaban suna yake ajiye nasa. Na ce a raina, ai wannan madanganci ne. Al'ummar da ba ta kai mutum miliyan bakwai ba ta ga ya cancanta a yi wa ɗanta bayani da harshensa, mu kuwa da muka ninka su sau da yawa muna jin nauyin yin haka.

Washegari na rubuta wa yarinyar "mota" da "motar", "yaro" da "yaron", na tambaye ta bambancinsu. Nan take ta ce na biyun an riga an san wanda ake nufi. Na ce to, mafi yawan aikin "the" ke nan. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kawu, shi ke nan?" Na ce a'a, da saura, domin mu muna cewa "rana ta fito" ba tare da madanganci ba, Bature kuwa sai ya sa wa rana "the". Daidaiton bai cika ba, amma ta sami wurin dafawa, kuma inda harsunan biyu suka rabu ya zama darasi mai suna maimakon duhu. Haka muka bi dirka muka gwada ta da "is", muka bi "ina da" muka gwada shi da "have". Wajen kalmomi kuma muka fara da waɗanda Hausa ta riga ta ara, irin su tebur da bokiti da asibiti da burki. Da ta gane cewa gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani, sai ta fara kama kanta tun kafin ta rubuta.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: wanda ya saba fassara a zuciya ba zai taɓa sakin harshe ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce kwatanci zai maye gurbin sauraro da yawan karatu ba. Sai dai mai farawa yana fassarawa ko an yarda ko ba a yarda ba, littafin yarinyar nan shaida ne. Hana shi Hausa a aji ba ya kore ta daga kansa, ɓoye ta kawai yake yi inda malami ba zai iya gyara ba.

A nan ne laifin ya dawo kanmu. Tun daga nahawun Schön na 1862, zuwa ƙamusun Bargery na 1934, zuwa babban nahawun Paul Newman na 2000, an yi wa mai jin Turanci shimfiɗa mai kyau zuwa Hausa. Ko littafin Galadanci na 1976, wanda da yawanmu muka tashi a kansa, da Turanci aka rubuta shi. Ta ɗaya ɓangaren akwai ƙamusai, kamar na Neil Skinner na 1965, amma ƙamus kalma yake bayarwa, ba ya gina jumla. Na zaga kantunan littattafai na cikin gari ina neman nahawun Turanci na masu farawa wanda aka yi bayaninsa da Hausa bisa kwatanci, na dawo hannu wofi. Alhali kayan aikin suna hannunmu: mun ƙirƙiri keɓaɓɓun kalmomi, mun tattara su tun 1990, muna jarraba ɗalibanmu a kansu kowane zango. Mun bar aikin ga sashen Turanci, su kuma galibi ba su karanci nahawun Hausa ba, yaron da ke tsakani ya rasa mai kama hannunsa.

Yarinyar ta zana jarrabawarta, muna jiran sakamako. Ranar da muka yi darasi na ƙarshe, tana tattara takardun da na yi ta rubuta mata cikin wata huɗu, ta ɗaga kai ta ce, "Kawu, ƙawayena ma suna so. Me ya sa ba a sa wannan a littafi ba?" Ban ba ta amsa ba. Na dai roƙe ta ta bar mini takardun in kwafa, har da tsohon littafinta mai jan biro.