Na Bi Shamuwa Daga Sokode Zuwa Dapango



Ina da wani tsohon littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal, wanda na daɗe ba na rubuta kome a cikinsa sai abu uku: ranar da ruwan farko ya sauka a Zangon Sokode, da ranar da gina ta fito, da ranar da na fara ganin shamuwa a sama. Maiɗakina tana ce da shi littafin marasa aikin yi. To, bana da hutun watan Afrilu ya zo, aka aiko mini daga Dapango cewa Gwaggo ba ta jin daɗi, sai na sa littafin nan cikin jaka tare da goron gaisuwa. Abin da na gani kafin in tashi, da wanda na gani a hanya, shi nake so in ba ku labari.

Bari in fara da gida. Ana saura kwana uku in tafi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun daga la'asar har magariba. Ana sallame sallar isha'i sai ga gina ta rufe fitilar ƙofar masallaci. Nan da nan yara suka bazama cikin gidaje, kowa ya fito da kwano da ɗan ruwa a ciki ya tara ƙarƙashin fitila. Wanda bai taɓa cin gina ba ya yi haƙuri: ba a sa mata mai, da man jikinta take soyuwa, gishiri kaɗai take bukata. Da muka koma lakwal na tambayi 'yan ajina daga ina gina take fitowa. Wani ya ce daga sama take faɗowa tare da ruwa. Wani ya ce daga fitila. A cikin yara fiye da sittin, uku kaɗai suka san daga suri take.

Alhali kuwa labarinta ya fi tatsuniya daɗi. Gina 'ya'yan sarauta ne na gidan gara. Shekara guda ana kiwonsu cikin suri, sai ƙasa ta jiƙe sosai sa'an nan ma'aikata su huda musu ƙofofi, su fito gaba ɗaya a dare guda. Galibinsu a cikin tsuntsu da kwaɗo da ƙadangare da ɗan Adam suke ƙarewa. 'Yan kaɗan da suka tsira sai su kakkaɓe fukafukai, mace ta wuce gaba namiji na bin ta a baya, su haƙa ɗan rami su shige. Daga wannan rami wani sabon suri zai tashi. Macen ta kan kumbura har ta fi babban yatsa, ba ta sake ganin rana, aikinta kwai kawai, dubbai a kowace rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina makarantar horon malamai shi ne, irin garar nan mai gina manyan surai manomiya ce. Ba ta iya narkar da itace da ciyawa ita kaɗai, saboda haka sai ta tauna su, ta jera cikin ɗakunan suri kamar saƙar zuma, ta shuka wani irin naman kaza a kai. Shi ne yake ruɓar da itacen, ita kuma ta ci abin da ya ruɓar. In damina ta faɗi, wannan shuka ta kan ɓullo waje ta buɗe laima. Shi ya sa in ka tuge naman kazan suri a hankali za ka ga yana da doguwar jijiya siririya, wadda ta nutsa har cikin gonar gara. Matan Kotokoli sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Wata dattijuwa da ke kawo shi kasuwa daga ƙauye, na taɓa ce mata, "Inna, yaya kike gane na ci da na mutuwa?" Ta dube ni ta ce, "Malam, kai yaya kake gane yaran ajinka?" Ban sake tambaya ba.

Amma fa a nan akwai gargaɗi, kuma don shi ma na ɗauki alkalami. 'Ya'yanmu na Zango ba su tashi a daji ba, ba su da idon Inna. Akwai wata farar laimar kwaɗi babba, kyakkyawa, da ke fitowa a filin ƙwallo da gefen juji bayan ruwa, ta yi kama da ta ci ƙwarai. Shekarun baya wani yaro a ajina ya tsinko ta, aka sa a miya, gidan gaba ɗaya suka kwana suna amai da gudawa, sai da aka kai ƙanwarsa asibiti aka ƙara mata ruwa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Tun daga lokacin kowace shekara na kan sa yara su yanke hular wannan laima su kife ta bisa farar takarda, a rufe da kwano a bar ta ta kwana. Da safe sai a ga ƙurar da ta zubo kore-kore ce. Duk wadda ta zubar da kore, guba ce. Amma kada wani ya ce wadda ta zubar da fari lafiya lau take, domin akwai masu kisa da farar ƙura. Maganar da ake yi cewa in an sa cokalin azurfa a tukunya zai yi baƙi in akwai guba, ko cewa abin da tsutsa ta ci mutum ma zai iya ci, duk ba gaskiya ba ne. Abin da wanda ya sani bai nuna maka da hannunsa ba, bar shi inda ka gan shi.

Ranar tafiya na yi asubanci zuwa tasha. Ragon maza yana ta kuka a bayan gari, kukan nan nasa mai kama da ana tsiyaye ruwa daga gora. Garin ya yi kore shar, mangwaro ya nuna har yana zuba, manoma sun fita da fartanya. Sokode tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, Dapango kuwa wajen 1,000, kuma damina tana riga isa wurinmu da makonni. Tsakaninmu kusan kilomita 300 ne. Watau wanda ya hau mota daga nan ya nufi arewa a watan Afrilu, baya yake komawa cikin shekara: ya bar farkon damina ya koma tsakiyar bazara.

Kafin Bafilo muka hau duwatsun Alejo, inda aka tsaga dutse aka ratsa da hanya. Yanzu an yi wa manyan motoci wata hanya ta kewaye, Allah Ya saka wa wanda ya yi da alheri, don wurin ya ci rayuka. Dajin nan dajin doka ne, kuma abin alfahari, sunan da masana itatuwa na duniya suke kiran wannan itace da shi, kalmarmu ta doka suka ɗauka suka sa a ciki. Akwai naman kaza iri-iri da ba sa rayuwa sai a jikin saiwar doka da kawo: suna ba itace ruwa da gishirin ƙasa, itace yana ba su abinci. Masana daga Jami'ar Lome sun yi ta tattara su a nan Alejo da kuma gandun dajin Fazao-Malfakasa da ke yamma da Sokode, wanda aka keɓe a 1975, mai faɗin murabba'in kilomita 1,920. Sai dai abin da na fi gani a bakin hanya ba naman kaza ba ne, buhunan gawayi ne jere kamar sahun salla. In an sare doka, abin da ke jikin saiwarta ma ya tafi ke nan. Ba na zagin masu gawayi, don da shi aka dafa kokon da na sha da asuba.

Mun wuce Kara, mun hau Nyamtugu, muna gangarawa wajen Kante sai koren ya fara ja da baya. Ɗorawa ta rataya 'ya'ya, mata na ƙarƙashi da dogayen sanduna. A nan ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rana ta ɗaga, na hango su. Shamuwa ce, na ƙirga har saba'in na rikice, suna kewayawa a sama ba mai kaɗa fiffike, iskar zafi na ɗaga su, in sun yi tozo sai su miƙe su nufi arewa. Na ce wa direba don Allah ya ɗan rage gudu. Ya ce, "Mushe, tsuntsu ne fa." Wani tsoho da ke kujerar baya, mutumin Maraɗi, ya leƙa ta taga ya ce, "Alhamdu lillahi, baƙinmu sun taso."

Gaskiyarsa. Shamuwa ba ta zama da mu a Sokode, ratsawa take yi. Tana cin rani a kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, lokacin da su ke damina, sa'an nan ta biyo ruwa ta tsallako, ta je ta yi sheƙa bisa tsamiya da kuka a tsakiyar garuruwan ƙasar Hausa da Nijar da Barkina Faso. Abincinta fara da tsutsa, shi ya sa manomi ba ya jifan ta, ya kan ma ji daɗi in ta zaɓi itacen gidansa. Kakana, wanda iyayensa suka zo ƙasar nan kan hanyar fataucin goro ta Kano zuwa Gwanja, wadda ta biyo ta Jugu da Didawure ta nufi Salaga, ya kan ce fatake in sun ga shamuwa ta wuce su, sun san lalle su ɗaura wa jakuna kaya kafin koguna su cika. Shirwa da balbela ma haka suke, da rani suna tare da mu, damina na kankama sai yawancinsu su yi arewa.

A Sansanin Mango muka tsaya salla, muka ci kifin kogin Oti. Daga nan shingayen jami'an tsaro suka yawaita, abin da ya biyo bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes a 2022. Na yi hankali ban fito da littafina ina rubutu a shinge ba.

Dapango na same ta tana ci kamar tanderu. Ƙasa fari fat, awaki sun rame, cilakowa na bin reshen da ba ganye, kurciya na haki a inuwar darbejiya. Gwaggo kuwa da sauƙi, zazzaɓi ne da zafin gari. Da yamma muna zaune a tsakar gida na ce, "Gwaggo, ina ungulayen da ke cika rufin mahauta da muna yara?" Ta ce, "Ɗana, ai sai ɗai-ɗai. Da kuwa sai ka kore su da sanda kafin ka shanya nama." Haka abin yake a Sokode. Wannan ungulu tamu ta cikin gari, a 2015 hukumar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. A 2020 a ƙasar Gini Bisau an sa wa wajen 2,000 guba, aka sami da yawa an yanke musu kai. Kan nan kasuwar magani ake kai shi, kuma kada mu ɓoye wa juna, akwai 'yan'uwanmu Hausawa a wannan ciniki. Ungulu kwai ɗaya take yi a shekara. Duk wanda ya sayi kai guda don neman sa'a, ya sani ya rage mai share mushe a garinsu, kuma abin da ungulu ta bari kare da ƙuda ne za su gada.

Wani abokina malami a can ya nuna mini littafin da Turawa biyu, Cheke da Walsh, suka wallafa a 1996 kan tsuntsayen Togo, iri fiye da 600. Su asalinsu masu binciken ƙwari ne, aikin yaƙi da ɗan baƙin ƙudan bakin kogi mai jawo makanta ya kawo su ƙasar nan, suna aikin suna rubuta tsuntsun da suka gani. Na yi ta buɗawa ina jin kunya. Mu da aka haifa a nan, ɗalibina ya san sunan 'yan ƙwallon Faransa da Ingila har da masu zaman benci, amma bai san ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da ke kiwo a bayan aji shi ne mulufin da zai sa jar riga in gero ya yi tsawo ba.

Daren da zan komo, wajen ƙarfe biyu, iska ta taso da ƙura har ta ɗage kwanon makwabta, sai ruwa ya biyo baya. Bai fi rabin sa'a ba, amma ƙanshin ƙasa ya hana kowa barci. Da gari ya waye jikokin Gwaggo suka zo mini da abu a tafin hannu: ɗan damina, ja wur kamar an yanko shi daga karan-miski. Duk shekara yana cikin ƙasa, sai ruwan farko ke fito da shi 'yan kwanaki ya nemi gara ya ci, ya koma. Na sa suka ƙirga ƙafafunsa. Takwas. Na ce to, dangin gizo-gizo ne ke nan, ba dangin fara ba, don fara shida gare ta. Gwaggo daga kan tabarma ta ce, "Malam, ko a nan ma sai ka buɗe aji?"

Na rubuta ranar a littafina, na buɗe wa Dapango shafi nata. Ina roƙon masu karatu na Kara da Mango da Dapango da Sinkase, duk wanda ya riƙe ranar da ruwan farko ya sauka a garinsu bana, ko ranar da ya fara ganin shamuwa, ya rubuto wa Edita da sunan garin, ni kuwa zan karɓa a wurinsa in jera su daga kudu zuwa arewa. Wanda kuma ya san itacen da ungulu ke sheƙa a kai, ya rubuto cewa akwai, amma kada ya faɗi wurin.